Katakon jitarka ta farko: abin da za ka saya da yadda za ka tantance shi

A shekarar 1862 Antonio de Torres, gwanin haɗa jita ɗan ƙasar Sifen, wanda daga hannunsa jitar tsirkiyar nailan ta samo siffar da aka san ta da ita yau, ya haɗa wata jita wadda bayanta da gefunanta duk na takarda ne da aka manne aka daskare. Fuskarta, wato allon gabanta, kaɗai ya yi da katakon kirki. Jitar ta yi murya, kuma tana nan ajiye a gidan tarihin kayan kiɗa na Basalona. A 1995 Bob Taylor na kamfanin jita na Taylor a Amurka ya yi makamancin haka, ya ɗauko katakon da ake jera kaya a kai a sito ya yi baya da gefuna, ya yi fuska da katakon gini.

Na kawo waɗannan biyu ne domin mai sabon shiga yakan zuba kuɗinsa inda bai kamata ba. Yakan bi sunan itace da kyan zanensa, ya manta da abubuwa uku da su ne ke sa jita ta tsaya ta yi shekaru: yadda aka yanka katakon, miƙewar jijiyarsa, wato zaruruwan da ke bin tsawon itacen, da bushewarsa. Katako mai araha da ya cika waɗannan sharuɗɗa ya fi mai tsada da ya rasa ɗaya daga cikinsu. Duk abin da ke tafe a kan wannan ya ginu.

Mataki na farko: ka tsayar da zane kafin ka sayi ko tsinke

Sai ka san irin jitar da za ka haɗa sannan za ka san girman katakon da kake nema. Jitar tsirkiyar nailan da ta tsirkiyar ƙarfe sun sha bamban tun daga ciki. Tsirkiyoyin nailan shida suna jan fuska da nauyin da ya kai kimanin kilo 40. Na ƙarfe masu sauƙi suna kaiwa kilo 70 ko fiye. Saboda haka ta ƙarfe tana buƙatar sandar ƙarfe a cikin wuya da tokara mai gicciye a ƙarƙashin fuska, irin wadda kamfanin Martin ya yaɗa tun ƙarni na 19. Ta nailan kuwa 'yan siraran sanduna ne ake bazawa a ƙarƙashin jaki, wato guntun katakon da tsirkiyoyi ke kamawa a kan fuska, bisa tsarin Torres.

Ka sayi zane mai cikakken girma daga wanda ya san aikin. A jikinsa za ka ga tsawon tsirkiya daga kan wuya zuwa jaki: milimita 650 shi ne aka saba a jitar nailan, a ta ƙarfe kuwa milimita 645 ko 632. Za ka ga faɗin jiki a inda ya fi faɗi, wanda a babbar jitar ƙarfe yake kusan santimita 40, a matsakaiciya 38, a ta nailan 36 zuwa 37. Shawarata ka fara da matsakaiciya. Allunanta sun fi sauƙin samu, kuma idan allo yana da ɗan aibi a gefe za ka iya kauce masa.

Daga zanen ka fitar da jerin kaya, kowane guntu da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, ka ƙara santimita biyu ko uku a kowane ɓangare.

Mataki na biyu: ɗakin aiki

Wannan ya riga sayen katako, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Katako yana shan laimar iska yana kumbura, idan iska ta bushe ya tsuke. Fuskar babbar jita tana iya sauya faɗi da milimita biyu ko uku tsakanin damina da rani. Idan ka manne tokara a lokacin da allon yake a kumbure, ranar da iska ta bushe allon zai so ya tsuke, tokarar ta hana shi, sai ya dare. Idan ka manne shi a bushe kuma laima ta zo, fuskar za ta ɗan taso ne kawai, wannan kuwa da sauƙi. Shi ya sa masu haɗa jita suke riƙe laimar ɗakinsu tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari. A wannan yanayi katako yakan daidaita da ruwa kimanin kashi 8 cikin ɗari a jikinsa.

Ka sayi ma'aunin laima. Masu araha sukan yi ƙarya, don haka ka gwada naka: ka zuba gishiri a murfin kwalba, ka ɗiga masa ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ka rufe shi tare da ma'aunin a cikin leda mai zif ya kwana. Ya kamata ya nuna 75. Idan ya nuna 70, ka san cewa kullum za ka ƙara biyar. Idan ɗakin ya yi girma da ka iya sarrafa shi, ƙaramin kabad mai rufuwa da ƙwan lantarki a ƙasa ya isa ya riƙe alluna a bushe, sai ka fito da su lokacin mannewa kawai.

Mataki na uku: fuska, inda muryar take

A nan za mu daɗe. Fuska ita ce allon gaba mai rami, ita ce ke karɓar girgizar tsirkiya ta hanyar jaki ta tura iska. Ana son itace marar nauyi amma mai tauri a tsawonsa, kuma dangin siforus da sida ne suka fi cika wannan sharaɗi.

Siforus na Sitka, wanda sunansa na kimiyya Picea sitchensis, yana fitowa daga gaɓar tekun Fasifik, tun daga Alaska har arewacin Kalifoniya. Shi ne ya fi yawa a kasuwa, yana da juriya, yana yafe wa hannun da bai ƙware ba. Idan jitar ƙarfe za ka yi, shi nake ba ka shawara ba tare da kwana-kwana ba. Siforus na Turai, Picea abies, na tsaunukan Alf ne da makamantansu, kuma kwarin Fiemme na Italiya ya yi suna da shi tun zamanin masu haɗa goge na Kiremona. Shi aka saba sa wa jitar nailan. Akwai Engelmann na tsaunukan yammacin Amurka da Kanada, ya fi Sitka laushi da fari. Akwai Adirondack, wanda Martin ya yi amfani da shi kafin yaƙin duniya na biyu, yana da tsada, bar shi sai gaba. Jan sida, Thuja plicata, ya shigo jitar nailan sosai ne a shekarun 1960 ta hannun José Ramírez na uku a Madrid. Muryarsa na buɗewa da wuri, amma laushinsa ya kai ko farce ya taɓa shi sai ya bar tabo, ɗan ɓurɓushin gam da ya bushe a kan tebur ma ya isa ya lotsa shi. Ga aikin farko, siforus ya fi kwanciyar hankali.

Ana sayar da fuska tagwaye ne: allo ɗaya aka tsaga biyu aka buɗe, domin zanen hagu ya yi daidai da na dama. Na babbar jita kowane ɓangare yakan kai kusan santimita 22 a faɗi da 55 a tsawo, kauri milimita 4 zuwa 5, kai ne za ka rage shi zuwa tsakanin 2.5 da 3 a jitar ƙarfe, ƙasa da haka kaɗan a ta nailan. Ga yadda za ka duba shi.

Fara da bakin allon, wato inda zarto ya gitta itacen. Layukan shekarun bishiyar ya kamata su tsaya cak kamar haƙoran matsefi. Wannan shi ne yankan tsaye. Idan sun karkata sosai ko sun kwanta, allon ya rasa taurinsa ta faɗi, kuma zai riƙa motsi da laima kusan ninki biyu. Alamar da ke tabbatar maka yankan ya tsaya ita ce wasu 'yan siraran zane masu ƙyalli da ke gitta layukan a kan fuskar allon, sai ka karkata shi ga haske kake ganinsu sosai. Masu sana'ar suna kiransu siliki. Idan ka gan su ko'ina a allon, an yanka shi daidai.

Abu na biyu ya fi wuyar gani, shi ne gocewar jijiya. Bishiya takan murɗe yayin girma, ko zarto ya bi ta a karkace, sai zaruruwan itacen su zama ba sa tafiya daga wannan kai zuwa wancan, suna nutsewa daga saman allon su fita ta ƙasansa. Allo irin wannan rarrauna ne, kuma ranar da aka zo cire jaki don gyara sai ya taso da tsoka. Ka shimfiɗa tagwayen gefe da gefe yadda za a manne su, ka tsaya a ƙarshensu haske na faɗowa a kai. Idan ɗaya ya yi haske ɗaya ya yi duhu, ka zagaya ta ɗaya ƙarshen ka ga sun musanya, jijiyar ta goce. Kaɗan ba laifi. Idan bambancin ya fito fili ƙarara, ajiye shi. Masu yanka na gari sukan fara fasa kututturen da weji ne domin itacen ya bi hanyarsa, sannan su yanka alluna daga fuskar da ta fashe. Idan mai sayarwa ya ce daga fasasshen gungume ya yanka, wannan magana ce mai daraja.

Na uku, tanƙwara shi a hankali da hannu biyu, ta tsawo sannan ta faɗi. Allo ɗaya ba zai gaya maka komai ba, amma idan ka bi biyar masu kauri ɗaya, hannunka zai fara jin wanda ya fi tauri. Ta faɗi ka yi a hankali ƙwarai, yana karyewa nan da nan. Idan kana da sikeli ka auna nauyinsu. Mai tauri kuma marar nauyi shi ne abin nema.

Na huɗu, ƙwanƙwasa. Ka riƙe allon da yatsu biyu kusa da gefe, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa daga sama, ka bar shi yana reto kusa da kunnenka, ka buga tsakiyarsa da gaɓar yatsa. Allo lafiyayye yana amsawa da amo mai ɗan jan lokaci. Wanda ya yi "tuf" ya mutu nan take, ko dai bai bushe ba, ko akwai tsaga a ɓoye. Kada ka ɗora wa wannan gwaji fiye da haka a yanzu. Kunnen da ke rarrabe kyakkyawa da mafi kyau sai bayan jita da yawa yake samuwa.

Saura batun daraja. Za ka ga an rubuta A, AA, AAA, har da abin da ya fi haka. Yawanci wannan rabo na ido ne: daidaiton launi, matsatsin layuka, rashin ratsi. Babu wata hukuma da ta kafa ma'aunin, kowane mai sayarwa da nasa. Allon A mai ratsin ruwan ƙasa, wanda aka yanka a tsaye kuma yake da tauri, zai yi murya ba abin da ya rage. Haka kuma zancen cewa sai layuka sun matsu sannan allo yake da kyau bai tabbata ba, Adirondack da ake ta yabo sau da yawa layukansa a warwatse suke. Ka sayi A ko AA, kuma ka sayi biyu. Na biyun shi ne zai ba ka ƙarfin zuciyar kankare na farkon har inda ya kamata.

Sandunan tokara ma siforus ne, kuma a nan gocewar jijiya ta fi haɗari, domin su ke ɗauke da jan tsirkiya. Ka sayi guntun gungume maimakon yankakkun sanduna, ka fasa shi da kanka da wuƙa mai kauri da guduma, ka ga inda ya bi, sannan ka yanka sandunan daga wannan fuskar.

Mataki na huɗu: baya da gefuna

Tasirinsu a murya yana nan, amma bai kai na fuska ba. Abin da ya fi damunka a nan shi ne lanƙwasawa. Za ka rage gefuna zuwa kusan milimita 2, ka ɗan jiƙa su, ka lanƙwasa a kan bututun ƙarfe mai zafin da ya kai digiri 150 ko fiye. Itace mai miƙaƙƙiyar jijiya yana bin hannu. Mai zanen igiyar ruwa, wanda ya fi ɗaukar ido a hoto, jijiyarsa hawa da sauka take yi, kuma a daidai ƙugu inda lanƙwasar ta fi tsanani yake karyewa.

Rozwud na Indiya, Dalbergia latifolia, yana cikin masu sauƙin lanƙwasawa, haka ma walnot baƙi na Amurka da cerin Amurka. Mahogani na ainihi, Swietenia macrophylla, yana da daɗin sassaƙa amma yana son kulawa a kan bututu, yakan yi ƙunci idan aka matsa masa ko aka cika masa ruwa. Safele da dangin maɗaci na Afirka, wato Khaya, suna tsaya masa, sai dai jijiyarsu a sarƙe take, tana yagewa a ƙarƙashin abin kankara idan bakinsa bai yi kaifi ba. Mefil marar zane ma yana da kyau. A jitar nailan ta Sifen an daɗe ana amfani da saifires, musamman ta kiɗan filamenko. Idan ka tambaye ni, walnot ko rozwud na Indiya marar ado.

Gefuna biyu ne, kowanne kusan santimita 80 a tsawo da 12 a faɗi, su ma tagwaye daga allo ɗaya. Ka roƙi mai sayarwa ya haɗa maka da gefe ɗaya ko biyu marasa abokin tafiya, masu sayarwa da yawa suna da irinsu a jibge. Da su za ka koyi jin lokacin da itace ya saki jiki a kan zafi, kafin ka taɓa na gasken.

Mataki na biyar: wuya, allon yatsu da jaki

Wuya yana son itace mai zama lafiya, wanda ba ya murɗewa. Mahogani da danginsa a jitar ƙarfe, Cedrela odorata mai ƙamshi a jitar nailan. Ba sai ka sayi ƙaton gungume ka sassaƙe rabinsa ka zubar ba. Allo mai kaurin santimita 2.5, faɗi 7.5, tsawo kusan 90 ya isa: ka yanke kan a karkace, kusan digiri 15, ka juya shi ka manne, sannan ka jera guntaye a ƙarshen su zama diddige. Wannan haɗin ya fi na gungume ɗaya ƙarfi a wurin da kan jita ya saba karyewa. Ka ɗaga allon ka hango shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe da ido ɗaya. Ɗan lanƙwasa ana iya kankarewa, amma murɗaɗɗe kada ka saya, zai ci gaba da murɗewa.

Allon yatsu eboni ne ko rozwud. Eboni yana daɗewa bai bushe ba, kuma yana ci gaba da tsukewa bayan an gama jita, shi ya sa ake jin bakin ƙarafunan da aka dasa a gicciye a kan allon suna karce yatsa a wasu jitoci idan iska ta bushe. Eboni mai ratsin fari ko ruwan ƙasa daidai yake da baƙi wuluk wajen aiki. An daɗe ana sare bishiyoyi a bar su a daji don kawai cikinsu bai yi baƙi ba, sai bayan 2011, da kamfanin Taylor da Madinter na Sifen suka sayi wata masana'antar yankan eboni a Kamaru, aka fara tallata mai ratsin sosai. Ka saye shi da zuciya ɗaya.

Ga jitar farko ina ganin ka sayi allon yatsu da aka riga aka tsaga wa gurabun ƙarafuna. Lissafin ba wuya: ka raba tsawon tsirkiya da 17.817 ka sami wurin ƙarfe na farko, wanda a tsawon 650 yake milimita 36.5, ka cire shi ka sake raba ragowar, har ƙarfe na 12 ya faɗo daidai tsakiya. Yankawar ce ke son zarto na musamman da hannu marar rawa, kuma kuskuren rabin milimita kunne yana jinsa har abada. Ka tabbatar tsawon da aka tsaga allon a kai shi ne na zanenka.

Jaki guntun rozwud ne ko eboni, yankan tsaye, marar tsaga. A jitar ƙarfe akwai kuma siririn faranti na mefil ko rozwud da ake mannawa a ciki ƙarƙashin jaki, domin ƙullin tsirkiya kada ya ci siforus.

Mataki na shida: dokar ƙetare iyaka

Idan katakonka zai fito daga wata ƙasa, wannan ya shafe ka. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973, ita ke tsara cinikin itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu. Rozwud na Burazil, Dalbergia nigra, yana rukuni na ɗaya tun 1992, ma'ana cinikin sabon yanka tsakanin ƙasashe haramun ne. Kada ka kusance shi, komai labarin da aka ba ka na tsohon ajiya. Mahogani na ainihi ya shiga rukuni na biyu a 2003. Sauran dangin Dalbergia sun shiga a Janairun 2017. A ƙarshen 2019 aka sassauta wa kayan kiɗa da aka gama haɗawa, amma ɗanyen allo har yanzu sai da takarda. Cedrela ya shiga a 2020, Khaya na Afirka a 2023. Rukuni na biyu ba hani ba ne, izinin fitarwa ake nema daga ƙasar da kayan suka taso, wasu ƙasashen kuma suna neman na shigarwa.

Abin yi a nan kaɗan ne. Ka tambayi sunan kimiyya na kowane itace, domin sunayen kasuwa suna ruɗarwa, itatuwa da yawa ana kiransu mahogani ko rozwud alhali ba su ba ne. Ka duba sunan a jerin CITES na yanzu, yana intanet kyauta. Ka tambayi mai sayarwa ko shi zai yi takardun. Ka ajiye rasit. Wanda ba ya son wannan wahala ya haɗa siforus da walnot, ceri ko mefil, babu ɗayansu a jerin.

Mataki na bakwai: wurin saye

Hanya uku ce. Ta farko dillalan kayan haɗa jita, irin su StewMac a Amurka, ko Madinter da Maderas Barber a Sifen, waɗanda ke sayar da alluna yankakku daidai girma. Sun fi tsada, amma sun fi aminci ga mai farawa. Wasunsu suna sayar da cikakken kunshi, gefuna a lanƙwashe, wuya a sassaƙe. Babu abin kunya a farawa da haka idan kayan aikinka kaɗan ne.

Idan daga nesa kake saye, ka nemi hoton ainihin allon da za a aiko maka, har da hoton bakinsa. Ka tambayi shekarar da aka yanka shi, da ko a iska ya bushe ko a tanda, da ko za a karɓa idan ka mayar. Ka faɗa musu kai tsaye cewa jitarka ta farko ce, kuma tauri da yankan tsaye kake so fiye da kyau. Mai sayarwa na ƙwarai yana jin daɗin irin wannan tambaya, yakan zaɓo maka abin da ya fi kuɗinka.

Ta biyu ita ce wurin masu sayar da katakon kafinta. Fuska da wuya ka same ta a nan, amma wuya, baya, gefuna da tubalan ciki suna samuwa idan ka yi haƙurin juya alluna kana duba bakinsu. Sai dai kana buƙatar mai babban zarton inji da zai tsaga maka su sirara, kuma katakon kafinta sau da yawa bai bushe yadda kake so ba. Ƙa'idar da aka saba ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri idan a iska ne. Ka guji farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo idan ka ga 'yan ramuka da gari a bakinsu, ƙwaro na ciki.

Ta uku tsofaffin kaya: teburin mahogani da ya karye, ƙofar kabad, allon muryar tsohon fiyano wanda siforus ne. Sun yi shekaru da yawa suna bushewa. Ka bi su da maganaɗisu kafin zarto ya shiga, ƙusa ɗaya tana lalata bakin zarton.

Mataki na takwas: idan kaya sun iso

Kada ka fara aiki ranar. Ka buɗe, ka duba kowane allo a gaban haske ko akwai tsaga, ka rubuta kwanan wata da nauyinsa a kusurwa da fensir. Ka jera su a kwance a wuri mai laushin shimfiɗa daidai, ka sa siraran sanduna tsakanin kowane allo da na samansa, sandunan suna kan layi ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ka ɗora abu mai nauyi a kai. Iska ta riƙa ratsa fuska biyun. Siririn allo da aka ajiye a kan tebur haka kawai, cikin sa'a ɗaya zai kantare, domin samansa na bushewa ƙasansa bai bushe ba. Bakin eboni da rozwud ka shafe shi da kakin zuma ko gam don kada ya tsage.

Ka riƙa auna nauyin lokaci-lokaci. Idan ya daina sauka, katakon ya saba da ɗakinka. Siraran alluna makonni kaɗan suke ɗauka, wuya da allon yatsu gara su yi watanni.

Mataki na tara: sauran kaya

Gam shi ne na gaba a muhimmanci. Titebond na asali, mai jan tambari, shi ne masu haɗa jita da yawa ke amfani da shi, domin yana bushewa da tauri kuma zafi da laima suna sake shi idan gyara ya taso. Titebond na biyu da na uku an yi su ne don jure ruwa, ba su ake so a nan ba. Ka sayi ƙaramar kwalba sabuwa, yana tsufa. Gam na fata, wanda ake narkawa a riƙe a kusan digiri 60, shi ne na gargajiyar sana'ar, amma yana daskarewa cikin abin da bai wuce minti ɗaya ba, sai hannu ya saba. Rozwud yana da maiƙo, don haka ka kankare wurin mannewa dab da shafa gam.

Ƙarafunan allon yatsu ka saye su tare da allon, daga wuri ɗaya, domin ƙafarsu ta dace da faɗin tsagar, wanda yawanci ya ɗan gaza milimita 0.6. Ka ɗauki na nikel da aka saba, na ƙarfe marar tsatsa yana cinye kayan aiki. Jita ɗaya tana cin kusan mita ɗaya da rabi, sayi mita biyu. Sandar cikin wuya ka zaɓi mai juyawa ta hanya biyu, ka auna tsawonta da zanenka, ka gwada ta a hannu kafin ka binne ta, domin bayan an manne allon yatsu babu komawa. Makullan ɗaure tsirkiya su ma su iso kafin ka huda kan jita: rufaffu na jitar ƙarfe yawanci ramin milimita 10 suke so, na nailan kuwa tazarar milimita 35 ce tsakanin sandunansu. A nan kada ka yi ƙwauro, makulli marar kyau yana sa jita mai kyau ta ƙi zama a kan murya.

Matashin tsirkiya na kan wuya da na kan jaki ƙashi ne, sayi biyu-biyu, na farko da wuya ya fito daidai. Sai tsagaggun sandunan da ke haɗa gefe da fuska da baya, guda huɗu masu tsawon gefe, da siraran bakin ado guda huɗu da ɗaya na ajiya, da zoben ramin murya wanda aka riga aka haɗa.

Shafin ƙarshe, wato abin da ake shafe jikin jita da shi idan an gama ta, ka yanke shawararsa tun yanzu, ko da sayensa zai jira. Naitiroselulos na feshi yana kama wuta kuma tururinsa guba ne, sai da wurin feshi na musamman. Shalak, wanda ake samu daga wani ƙwaro a Indiya da Tailan, ana narka ɓawonsa a sifirit a shafa da ƙunshin tsumma, ba ya son inji, kuma kuskurensa na gyaruwa. Ka saye shi busasshe ka riƙa narka kaɗan-kaɗan, narkakke ba ya wuce watanni yana da kyau. Mahogani, walnot da rozwud suna da 'yan ƙofofi a jikinsu da sai an cike su kafin shafi ya kwanta sumul, don haka ka haɗa da abin cikewa. Siforus, mefil da ceri ba sa buƙata.

Ka haɗa da abin rufe hanci na ƙwarai. Ƙurar jan sida tana jawo asma, ta dangin rozwud tana sa wasu ƙaiƙayi da kumburin fata, kuma abin yana ƙaruwa ne da yawan shaƙa.

Duk guntun da ka yanke daga fuska, baya da gefuna, ka zuba shi a kwali ɗaya kada ka zubar. Daga guntun fuska ake yanka 'yan facin da ke ƙarfafa layin tsakiya ta ciki, a kan guntun baya za ka gwada gam da shalak kafin su taɓa jitar, kuma idan wani wuri ya ɓalle yayin yanka bakin ado, a cikin kwalin nan ne kaɗai za ka sami katako mai launi da jijiya iri ɗaya da za ka toshe shi.